LAMIRI A HARSHEN SIFANIYANCI

Ya ku ɗalibai, da ku iyayen yara masu ɗaukar wannan mujalla ku duba bayan yara sun ajiye, darasinmu na wannan fitowa nahawu ne, sai dai ba irin wanda kuka saba ba. Ku gyara zama.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami don karatun nahawu ya san sunan Alfiyya, ko da kuwa karatunsa bai kai can ba. Mawallafinta, Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Malik, an haife shi wajen shekara ta 600 bayan Hijira a wani gari na Andalus da ake kira Jayyan. Shi ya sa ake masa laƙabi da Aljayyani. Daga baya ya yi ƙaura zuwa gabas, ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 672, daidai da 1274 Miladiyya. Garin nasa yana nan har gobe a kudancin ƙasar Sifen, ana rubuta sunansa Jaén, kuma ya shahara da noman zaitun. In ka sauka can yau, Sifaniyanci za ka ji a kasuwa. Amma in ka kasa kunne da kyau za ka tsinci ragowar Larabci a bakinsu. Man zaitun suna ce masa aceite, daga az-zait. Sukari azúcar, daga as-sukkar. Matashin kai almohada, daga al-mukhadda. “Wane” kuwa fulano, daga fulan. Musulmi sun shiga ƙasar a 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492, kun ga kusan shekara 800 ke nan ana cuɗanya. A shekarar nan ta 1492 ce kuma wani masani mai suna Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawu na farko na wannan harshe a birnin Salamanca.

To amma kada wannan ya ruɗe ku. Sifaniyanci ba ɗan Larabci ba ne. Uwarsa Latin ce, harshen Rumawan da, 'yan uwansa kuma su ne Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. Kalmomi kawai ya ara daga Larabci, ƙashin bayan nahawunsa na gidansu ne. A yau shi ne harshen mulki da makaranta a ƙasashe 20, waɗanda suka tashi da shi a baki kuma sun kusa miliyan 500. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu jinsa ita ce Meziko. A Afirka ma akwai Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru.

Me ya kawo mu nan? Da yawa daga cikinku kuna ƙorafin babin lamiri ya yi muku nauyi, wasu har suna tambaya wai ina amfaninsa in an fita daga ɗakin jarrabawa. Ina so ku gani da idonku cewa wanda ya riƙe wannan babi da kyau yana riƙe da mabuɗi mai buɗe ƙofa fiye da ɗaya. Sannan ku san lamiri ƙarami ne a rubuce amma kuskurensa babba ne. A Sifaniyanci in ka ce Te debo cien euros, kana nufin ana binka bashin Yuro 100. In ka ce Me debes cien euros, kai ne kake bi. Wanda bai san bambancin te da me ba sai ya sa hannu a takardar bashin da bai ci ba.

Kafin mu shiga, ga 'yan ƙa'idojin furuci. Harafin h ba a furta shi sam. Harafin v ana furta shi kamar b. Ll a bakin mafi yawansu kamar y yake. Harafin j kuwa kamar “kha” ta Larabci. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, ana karanta su kamar yadda muke karanta na Hausar boko.

LAMIRAN FA'ILI

Lamiri, wanda malaman Hausa a makarantar boko ke kira wakilin suna, shi ne kalmar da ke tsayawa a madadin suna don kada a yi ta maimaita shi. Kun san rabonsa uku: mutakallimi wato mai magana, mukhaɗabi wato wanda ake yi wa magana, da ga'ibi wato wanda ake magana a kansa. Haka yake a Sifaniyanci. Ga na fa'ili:

yo: ni
tú: kai ko ke
usted: kai ko ke, na girmamawa
él: shi
ella (ana furta shi eya): ita
nosotros: mu, maza
nosotras: mu, mata
vosotros: ku, maza
vosotras: ku, mata
ustedes: ku
ellos: su, maza
ellas: su, mata

Ku lura da abubuwa huɗu a nan.

Na farko, babu musanna. Larabci yana da antuma da huma don mutum biyu, Sifaniyanci kuwa kamar Hausa yake, da an wuce ɗaya an shiga jam'i.

Na biyu, tú ba ya rarrabe namiji da mace. Hausa tana da kai da ke, Larabci yana da anta da anti, su kuwa kalma ɗaya ce ta wadatar da kowa.

Na uku, abin da suka rasa a can sun rama a wani wuri. Mu a Hausa da nahnu a Larabci ba ruwansu da jinsi, amma 'yan mata in suna magana a kan kansu nosotras za su ce. Dalili kuwa kalmar haɗi ce. Asalinta nos, wato “mu”, aka manna mata otros, wato “waɗansu”. Da yake otros na maza ne, otras na mata, sai jinsi ya shigo ta wannan ƙofa. Haka vosotros, daga vos da otros.

Na huɗu, in maza da mata suka haɗu sai a rinjayar da sigar maza. Aji mai 'yan mata 30 da yaro ɗaya ellos za a ce musu. Masu nahawun Larabci sun san wannan da sunan taglibi.

Akwai kuma wata 'yar alama da ake sawa a kan wasali, kada ku raina ta. Tú mai alama shi ne “kai”, tu marar alama kuwa “naka” ne, kamar tu libro, littafinka. Él mai alama “shi” ne, el marar alama kuwa yana aikin alifi da lamu ne, el libro, al-kitab. Mu a Hausa muna rubuta kai na jiki da kai na lamiri da kai na kai kaya duk iri ɗaya, mu bar mai karatu ya gane da kansa. Su sun sauƙaƙa wa mai karatu.

LAMIRI ƁOYAYYE

Nan ne ɗalibin Larabci zai ji kamar ya dawo gida. A Larabci in ka ce aktubu ba ka bukatar ka ce ana, domin fi'ilin da kansa ya nuna mai yi. To haka nan Sifaniyanci. Dubi fi'ilin escribir, wato rubutawa:

escribo: ina rubutawa
escribes: kana ko kina rubutawa
escribe: yana ko tana rubutawa
escribimos: muna rubutawa
escribís: kuna rubutawa
escriben: suna rubutawa

Babu yo, babu tú, babu nosotros, amma kowace kalma jimla ce cikakkiya. Ƙarshen fi'ili shi ke faɗin wanda ya yi aikin. Wannan -o da -s da -mos suna yin irin aikin da “tu” take yi a katabtu da “na” a katabna, ko da yake masanan nahawunsu ba su kiran su lamiri.

To yaushe ake bayyana lamirin? A wuri biyu. Na ɗaya, in ana son bambanta mutum da mutum: Yo escribo y tú lees, ni ina rubutu kai kuma kana karatu. Na biyu, in akwai tsoron ruɗani. Escribe yana iya zama shi, ko ita, ko usted, kamar yadda taktubu a Larabci yake iya zama anta ko hiya. In zancen bai nuna ba, sai a fito da lamirin. Ban da waɗannan, barinsa ya fi. Baƙon da ke fara kowace jimla da yo, yo, yo, ana jin sa kamar mai cika baki, irin mutumin da ba ya iya magana sai da “ni dai, ni kam, ni fa”.

TÚ DA USTED: BABIN LADABI

Iyaye, wannan kashi naku ne musamman. A gidajenmu yaro ba ya duban dattijo ya ce masa “kai” gatsau. Ko ya ce “ku”, ko ya kewaya ya ce, “Malam ya tashi lafiya?” “Hajiya ta dawo?” Ga mutum a gabanka, amma kana magana kamar ba ya nan. Wato ka ɗauki mukhaɗabi ka ba shi rigar ga'ibi saboda girmamawa.

Wannan shi ne ainihin yadda usted yake aiki. Ma'anarsa “kai” ce, amma fi'ilinsa na “shi” ne. Abokinka za ka ce masa ¿Cómo estás?, yaya kake. Dattijo kuwa ¿Cómo está usted? Harafin s ɗaya tak ne ya faɗi, amma shi ne tsakanin ladabi da rashinsa. Haka in za ka ba mutum wurin zama: ƙanenka ka ce masa siéntate, baƙon mahaifinka ka ce masa siéntese. Alamar tambaya da kuka gani a kife a farkon jimla al'adar rubutunsu ce, don mai karatu ya san tun daga farko tambaya ce ke tafe.

Me ya sa usted yake ɗaukar fi'ilin ga'ibi? Saboda asalinsa ba lamiri ba ne. A da, in za su yi wa babba magana sai su ce vuestra merced, wato kamar “alfarmarku”. Alfarma kuwa ga'iba ce, ita ake ba fi'ili. Yau da gobe baki ya yi ta cin kalmar, ta koma vuesa merced, ta koma vuesarced, ta koma vusted, zuwa ƙarni na 17 ta tsaya a usted. Har yanzu in za a taƙaita ta a rubuce akan sa Ud. ko Vd., wannan V ɗin kuwa gadon vuestra ne. Na san mai jin Larabci da ya ji usted zuciyarsa za ta tafi ga ustaz, kuma akwai masu faɗin haka. Amma masana harshe sun bi sawun kalmar a tsofaffin rubuce-rubuce mataki-mataki, sun tarar da vuestra merced ce. Kama da wane ba ta wane.

Wa ake ce wa tú, wa ake ce wa usted? Ƙa'ida ta gaba ɗaya ita ce tú na abokai ne da 'yan uwa da yara, usted kuwa na dattawa da baƙi da masu muƙami. Sai dai kowane gari da al'adarsa. A Sifen ta yau tú ya yi yawa, har ɗalibi yakan ce wa malaminsa tú ba a ga laifinsa ba. A Kosta Rika da wasu yankunan Kolombiya kuwa har uwa takan ce wa ɗanta usted. Shawara ga baƙo ita ce ya fara da usted. In mutumin ba ya son nauyin, shi zai ce maka Puedes tutearme, kana iya ce mini tú. Suna da fi'ili na musamman don wannan, tutear. Gara a ce maka ka sassauta da a ce ba ka da tarbiyya.

VOSOTROS DA VOS

A yawancin ƙasar Sifen “ku” iri biyu ne: vosotros ga abokai, ustedes ga manya. Da ka tsallaka teku zuwa Latin Amurka sai vosotros ya ɓace daga maganar yau da kullum. Ɗan Meziko ko 'ya'yansa yake kira ustedes zai ce. Haka ma a tsibiran Kanari da yammacin Andalusiya an fi jin ustedes.

Sannan akwai vos. A Latin “ku” yake nufi, sai aka riƙa amfani da shi don girmama mutum ɗaya, daidai da yadda muke ce wa suruki “ku”. Da ya yi yawa a bakin mutane sai darajarsa ta zube, har aka nemi vuestra merced don ta maye gurbinsa. A Sifen vos ya mutu, amma a Ajantina da Yurugwai da Faragwai da yawancin Amurka ta Tsakiya yana nan da ransa, shi ne ma “kai” na abokai. Ɗan Madrid zai ce tú hablas, kana magana, ɗan Buenos Aires ya ce vos hablás. Wancan ya ce tú eres, kai ne, wannan ya ce vos sos. Duka daidai ne a wurin masu su.

LAMIRAN MAF'ULI

Yanzu sai wanda aiki ya faɗa wa. Ga su:

me: ni
te: ka ko ki
lo: shi
la: ta
nos: mu
os: ku
los: su, maza
las: su, mata

Babban abin lura shi ne wurin zamansu. A Hausa muna cewa na gan shi, lamiri a bayan fi'ili. A Larabci ra'aituhu, nan ma a baya, a manne. Sifaniyanci kuwa gaba yake kawo shi: Lo vi, na gan shi. La vi, na gan ta. Me vio, ya gan ni. In akwai korewa sai no ta zo gaban duka: No lo vi, ban gan shi ba. Usted kuwa, tun da rigar ga'ibi yake sanye da ita, lo ko la yake ɗauka a nan, ustedes kuma los ko las.

Lo da la ba na mutane kaɗai ba ne, har da abubuwa, domin kowane suna ko namiji ne ko mace, kamar a Hausa da Larabci. Libro, littafi, namiji ne, sai a ce Lo compré, na saye shi. Camisa, riga, mace ce, sai a ce La compré, na saye ta. To amma ku yi hattara, jinsin abu a harshe ɗaya ba shi ne jinsinsa a wani ba. Gida namiji ne a wurinmu, casa kuwa mace ce. Mun ce rana ta fito, wata ya tsaya, Balarabe ma ya yarda da mu, shamsu mace ƙamaru namiji. Su kuwa sun juya: sol, rana, namiji ne, luna, wata, mace ce. Don haka in za ka haddace suna ka haddace shi tare da jinsinsa.

Lo yana da wani aiki kuma, yana tsayawa a madadin zance gaba ɗaya. In aka ba ka labari ka ce Lo sé, wato na san haka. No lo sé, ban sani ba.

MINI, MAKA, MASA

Akwai maf'uli na biyu, wanda aka yi aikin dominsa ko aka miƙa wa abin. A Hausa shi ne mini, maka, masa, mata, mana, muku, musu. A Sifaniyanci me, te, nos, os suna nan yadda suke, sai a ga'ibi ne aka sami sababbi: le ga mutum ɗaya, les ga jam'i, kuma ba su rarrabe jinsi. Le escribí, na rubuta masa ko na rubuta mata. Les escribí, na rubuta musu.

In lamiri biyu suka haɗu, na wanda aka ba shi ke gaba, na abin da aka bayar ya biyo. Me lo dio, ya ba ni shi. Te la compré, na saya maka ita. Ku duba, jerin nan ɗaya ne da na Hausa: “ni” kafin “shi”, “maka” kafin “ita”.

Ga wata ƙa'ida da ba ta da togiya. Le ko les ba sa zama gaban lo, la, los, las. In sun haɗu sai su rikiɗa su koma se. Ba a cewa le lo llevé, sai Se lo llevé, na kai masa shi. A tsohon Sifaniyanci haɗin nan gelo ne, shi ne ya sauya da zamani ya zama se lo. Da yake wannan se yana iya zama masa, mata ko musu, in ana son fayyacewa sai a ƙara: Se lo llevé a ella, ita na kai wa.

Wannan ƙarin ya kawo mu ga wata ɗabi'a tasu, ta ambaton lamiri tare da sunan da yake wakilta. Le di el libro a Musa, na ba Musa littafin, amma a zahirin lafazi cewa aka yi “na ba shi littafin ga Musa”. Ba kuskure ba ne, haka suka fi faɗa.

Fi'ilin gustar yana ba masu koyo wahala, alhali ku bai kamata ya ba ku ba. Me gusta el libro ana fassara shi da “ina son littafin”, amma gininsa irin na yu'ujibuni ne a Larabci, ko “ya burge ni” a Hausa. Littafin shi ne fa'ili, kai maf'uli ne. Shi ya sa in littattafai suka yi yawa fi'ilin ke komawa jam'i: Me gustan los libros. In kana son ƙarfafawa ka ce A mí me gusta, ni kam yana burge ni.

Ku sani kuma a tsakiyar Sifen, har da Madrid, za ku ji ana cewa Le vi a maimakon Lo vi. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta amince da wannan in mutum namiji ɗaya ake nufi. Amma mai koyo ya tsaya a kan lo, domin ita ce ake karɓa ko'ina.

INDA LAMIRI YAKE KOMAWA BAYA

Mun ce lamirin maf'uli gaban fi'ili yake zama. Akwai wurare uku da yake komawa baya ya manne, kamar lamiri muttasili na Larabci. Na ɗaya, bayan masdari: leer, karantawa, leerlo, karanta shi. Na biyu, bayan sigar da ke nuna ana cikin aiki, mai ƙarewa da -ando ko -iendo: escribiéndolo, ana cikin rubuta shi. Na uku, bayan fi'ilin umarni: da, bayar, dame, ba ni, dámelo, ba ni shi. Kun ga kalma ɗaya ta ɗauke jimla sukutum. Alamar da ta hau kan wasali kuwa don a san inda murya take nauyi ne, tun da kalmar ta ƙara tsawo.

Amma in umarni ya koma hani sai lamiran su dawo gaba: No me lo des, kada ka ba ni shi. In kuma fi'ili biyu suka jeru, kana da zaɓi: Quiero leerlo ko Lo quiero leer, duka “ina so in karanta shi”. Abin da ba a yi shi ne a cusa lamirin tsakanin fi'ilan biyu.

BAYAN HARAFIN JARRI

Bayan kalmomi irin su a, de, para, wato ga, daga, domin, sai yo ya zama mí, tú ya zama ti. Para mí, domina. Para ti, dominka. Sauran ba su sauyawa: para él, para ella, para nosotros. Mí yana da alama don a bambanta shi da mi mai nufin “nawa”. Ti ba shi da ita, domin babu wanda yake rikicewa da shi.

Con, wato “tare da”, yana da nasa hali. Ba a cewa con mí, sai conmigo, tare da ni, da contigo, tare da kai. Labarin wannan -go yana da ban dariya. A Latin “tare da ni” mecum ne, cum ɗin shi ne “tare da”. Da zamani ya ja, mecum ya koma migo, mutane suka manta akwai “tare da” a cikinsa, sai suka sake manna wani a gaba. Ashe duk mai cewa conmigo yana cewa ne “tare da ni tare”, bai sani ba.

'Yan kalmomi kaɗan kuma suna barin yo da tú yadda suke, kamar entre da según. Entre tú y yo, tsakanina da kai. Según tú, a faɗarka.

SE MAI AIKI DA YAWA

In aiki ya koma kan mai yinsa, inda Bahaushe zai ce “kaina, kanka, kansa”, sai a yi amfani da me, te, se, nos, os, se. Me lavo, ina wanke jikina. Se lava, yana wanke jikinsa. Da wannan suke faɗin suna: Me llamo Binta, wato “ina kiran kaina Binta”, sunana Binta. ¿Cómo te llamas?, yaya sunanka. Ga dattijo kuwa ¿Cómo se llama usted?

Se yana kuma aikin “an” da “ana” na Hausa, inda ba a ambaci mai yi ba, abin da ya yi kusa da fi'ili majhuli a Larabci. Se habla español, ana jin Sifaniyanci a nan. Se vende pan, ana sayar da burodi. Irin wannan za ka gani a rubuce a ƙofar kantuna.

Na ƙarshe kuwa yaran gida za su so shi. Yarinya ta fasa kwano, ba za ta ce “na fasa” ba, sai ta ce “ya fashe mini”. To su ma haka: Rompí el plato, na fasa faranti, amma Se me rompió el plato, faranti ya fashe mini. Se me olvidó, ya shige mini, na manta. Dabarar sauke laifi dai ba ta Hausawa kaɗai ba ce.

GWAJI

Ku ɗauki takarda ku mayar da waɗannan zuwa Sifaniyanci ba tare da kun leƙa amsa ba. Iyaye su riƙe mujallar su yi muku gyara.

1. Na gan ta.
2. Ya ba ni shi (littafi).
3. Ba ni shi!
4. Kada ka ba ni shi.
5. Na kai mata shi (littafi).
6. Ka haɗu da tsoho a tashar jirgi a Madrid. Yaya za ka tambayi lafiyarsa?

Amsa: 1. La vi. 2. Me lo dio. 3. ¡Dámelo! 4. No me lo des. 5. Se lo llevé. 6. ¿Cómo está usted?

Wanda ya ci biyar ko shida, madalla. Wanda ya ci ƙasa da haka ya sake karantawa a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Kuma ku lura, a duk darasin nan ba mu yi amfani da wani makami ba sai wanda kuke da shi tun a aji: mutakallimi da mukhaɗabi da ga'ibi, fa'ili da maf'uli, muttasili da munfasili, bayyananne da ɓoyayye. Da su muka buɗe harshen da ake yi yau a garin su Ibnu Malik. Saboda haka gobe in malami ya ce a buɗe babin lamiri, kada in ji wani ya yi tsaki.

Allah ya ƙara mana fahimta. Wassalam.